Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Aure Ya Mutu, Gidan Na Wane Ne?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan magana ɗaya suka haɗu: an rabu, ga gida, ga yara, wa zai zauna, wa zai fita. Mun zaɓi guda bakwai daga Zariya da kewaye, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba. Amsoshin suna kan fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jihar Kaduna ke hukunci da shi, ban da ta ƙarshe da ta shafi auren rajista.

Daga Gyallesu: Mijin ƙanwata ya miƙa mata takardar saki ɗaya bayan isha'i, ya ce kada gari ya waye tana gidansa. Yau kwananta goma a wurinmu. Yana da ikon yin haka?

Ɗan'uwa, ba shi da shi. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matan da aka saka daga gidajensu, ta kuma hana su fita da kansu, sai in sun zo da alfasha bayyananniya. Ka lura, gidajensu aka ce, alhali miji ne ya gina. Littafin Risala, wanda ake karantarwa a zaurukan cikin birni, ya warware maganar filla-filla. Duk matar da aka tare da ita sannan aka sake ta, muhallinta yana wuyan miji har ta gama idda, saki ɗaya ne ko uku, ko da hul'i ne, wato sakin da mace ta fanshi kanta. Ci da sha da sutura kuwa sai ga mai sakin kome, da kuma mai ciki kowane irin saki aka yi mata.

Iddar mai haila tsarki uku ce. Tsarkin da aka sake ta a cikinsa shi ne na farko, tana ganin jini na uku ta fita. Wadda ta daina haila, iddarta wata uku ce, mai ciki sai ta haihu.

Abin yi shi ne mahaifinku ko wanda ke tsaye a matsayin waliyyi ya ɗauki dattijo ɗaya ko biyu su mayar da ita ɗakinta da rana tsaka. In ya ƙi buɗe ƙofa, a sanar da mai unguwa, a samu mutum biyu da suka ji ƙin nasa da kunnensu, sannan a kai ƙara kotun shari'a ta yankin a nemi muhalli da ciyarwa. Shaidun nan suna da amfani, domin matar da ta bar ɗakinta don ganin damarta ba tare da uzuri ba, ba ta da kuɗin haya a kansa. Wadda aka kora, ko ta fita don tsoron duka, ita ce ke da shi.

Al'adarmu ta aika motar kwasar kaya tun takarda ba ta kwana ba tana yi mana ɓarna. A kwance gado, a ciro labule, a bar shatin kabad a jikin bango, kishiya da maƙwabta suna kallo. Daga nan kome ya yi wuya, ko da zukata sun huce. Ga kuma maganar gado: in ya rasu tana cikin iddar sakin kome, matarsa ce, tana da tumuni in yana da 'ya'ya, rubu'i in babu, har a cikin gidan da ya kore ta.

Sai dai a gane, wannan haƙƙin zama ne, ba mallaka ba ce. Idda na cika, in gidan nasa ne, ta fita.

Daga Samaru: Ni malamar makaranta ce, shekararmu 14 da aure. Da za mu yi gini na sayar da gwal ɗin da na gada, na ci bashin ƙungiyarmu ta ma'aikata, na zuba kwasar adashe biyu. Jimla naira miliyan 3, a ginin da ya ci kamar miliyan 12. Takardar fili da sunansa take. Ya sake ni, ya ce taimako na yi masa, Allah ya ba da lada. Ina mafita?

Malama, za mu daɗe a kan taki, domin ita ce damuwar mata da yawa. A Musulunci aure ba ya gauraya dukiya. Abin miji nasa ne, na mata nata ne, saki kuma ba ya sa a raba gida biyu. In ma'aurata suka yi jayayya a kan gidan da suke ciki, babu mai hujja, malaman Malikiyya sun bar wa miji tare da rantsuwarsa, domin shi aka ɗora wa samar da muhalli. Ke nan nauyin kawo hujja yana kanki.

Kafin ki taka kotu, ki zauna ki tuna da wane lafazi kuɗin suka bar hannunki. Fuska uku ce. In ce miki ya yi "ranta mini, zan biya," bashi ne, miliyan 3 ɗinki za a ba ki, ba ƙari. In cewa kuka yi "mu haɗa mu gina namu," tarayya ce, kina da rubu'in gidan. A ce yau an yi masa kuɗi miliyan 30, rabonki miliyan 7 da rabi ke nan. In kuwa ke kika ce "ga wannan ka ƙara, na ba ka," kyauta ce, ta tafi. Tazarar da ke tsakanin bashi da tarayya babba ce, shi ya sa wasu ke fara da'awa da ɗaya, a zama na gaba su koma ɗayar. Kada ki yi haka. Da'awar da ta ci karo da kanta alƙali ba ya sauraronta. Ki faɗi abin da ya faru, ki tsaya a kai.

Shaida a harkar dukiya maza biyu ne adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu. Malikiyya sun yi sauƙi a nan: shaida namiji ɗaya tare da rantsuwarki ya isa, haka mata biyu tare da rantsuwarki. Shaidar mahaifi ko mahaifiya ga 'yarsu ba a karɓa, ta ɗan'uwa adali ana karɓa. 'Ya'yanki kuwa ki bar su a gefe, tsayar da yaro ya ƙaryata ubansa ciwo ne da ba ya warkewa da wuri.

Ki nemi mutanen da kuɗin suka bi ta hannunsu: wanda ya sayi gwal ɗin, sakataren ƙungiyar da ya cike miki takardar bashi, uwar adashe, mai sayar da siminti da kwano, da birkilan da ya tsaya a kan aikin. Birkiloli da yawa suna da ɗan littafin da suke rubuta bulo nawa aka kawo, wa ya biya, ranar kaza. Littafin nan mai tabon siminti yakan fi dogon bayani amfani. Ki je banki ki karɓi bayanan asusunki na shekarun ginin, ki ja layi a duk inda kika tura masa kuɗi, ki jera su da rasit na kayan gini. In ranar da kika tura miliyan ɗaya ta zo daidai da makon da aka sayi rodi aka zuba linta, magana ta fara tsayuwa. Saƙonnin WhatsApp da na murya kada ki goge, wayar ma kada ki sayar.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan duka, wato iƙirari. A zaman sulhu na farko, gaban iyaye, maza kan ce "ai ban musa ba, ta sa kuɗinta." A rubuta a wurin, da adadi, ya sa hannu, shaidu su sa. Bayan wata uku, in zuga ta shiga, ba lallai ya maimaita ba. In babu shaida ko ɗaya, shi za a ba rantsuwa. Ya rantse, shari'a ta ƙare. Ya noƙe, rantsuwa ta dawo kanki, kina yi a ba ki.

A kotunan boko ma sai da hujja. A 1992 Kotun Ƙoli ta ƙi da'awar wata mata da ta ce ta taimaka da yashi da aikin ƙarfi wajen gini, saboda ba ta fayyace yawan abin da ta bayar da ƙimarsa ba. "Na taimaka" ba ta isa, sai an ce nawa, yaushe, a hannun wa.

Ki kula da kotun da za ki nufa. Sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar mallakar filin da gwamna ya ba da takardarsa. Mutum kan yi shekara biyu yana shari'a, ya ci, a ɗaukaka ƙara a rushe komai don kotun farko ba ta da hurumi. Ki nuna wa lauya takardar filin tun farko. In babu halin biya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Kuma ranar da aka shigar da ƙara, a roƙi kotu ta hana sayar da gidan, a rubuta wa KADGIS, hukumar da ke riƙe da rajistar filaye a jihar, cewa akwai jayayya a kansa. Inda ake yawan yin asara ke nan: ana ta jeka-ka-dawo da sulhu, dillali ya kawo mai saye, kuɗi su shige.

In tarayya ta tabbata, gidan da zai rabu ba tare da cutarwa ba, kamar mai sassa biyu kowane da ƙofarsa, a raba shi. Wanda ba zai rabu ba, duk wanda ya nemi a sayar, a tilasta wa ɗayan. Mafi sauƙi ƙwararren mai ƙiyasin kadara ya yi masa kuɗi, ɗaya ya biya ɗaya. In ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, kina da shufa'a, wato ki biya abin da baren ya biya ki karɓe, amma wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, ya rasa wannan dama.

Ga matan da har yanzu suke ɗakunansu: tun ran gini tun ran zane. A sa sunaye biyu cikakku a takardar ciniki, da kason kowa. Rubutu ba rashin yarda ba ne, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka.

Daga Tudun Wada: Ranar sunan ɗanmu na fari maigidana ya ce a gaban 'yan'uwansa ya ba ni gidan da muke ciki halak malak. Muka ci gaba da zama tare shekara takwas. Yanzu ya sake ni, ya ce ya janye.

Hajiya, janye kyauta ba na miji ba ne. Uba da uwa kaɗai aka ba damar karɓe abin da suka ba ɗansu, shi ma da sharuɗɗa. A Malikiyya kyauta tana lazimtar mai bayarwa da zarar ya furta, kuma wanda aka ba yana iya neman alƙali ya tilasta a miƙa masa. In 'yan'uwan nasa za su faɗi abin da suka ji, kina da ƙafar tsayawa.

Amma ki gaggauta, domin kyautar ba ta cika ba tukuna. Cikar kyauta sai da hauzi, wato abin ya bar hannun mai bayarwa ya shiga naki. A nan akwai wata ƙa'ida a littafin fiƙihun nan Muhtasar na Halil da mutane ba su cika sani ba. Mace in ta ba mijinta gidan da suke zaune, kyauta ta cika ko sun ci gaba da zama. Miji in ya ba matarsa gidan da suke zaune bai fita ba, ba ta cika ba, domin zaman nasa ake lissafawa. In ya rasu, ko ciwon ajali ya kama shi, ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin ki karɓa, kyautar ta ɓaci, gida ya koma na magada ko na masu bin bashi.

Wanda ke son ba matarsa gida da gaske, ya rubuta takardar kyauta, ya kwashe kayansa, shaidu su ga gidan babu shi a ciki, ya miƙa makulli, kada kuma ya dawo zama cikinsa sai shekara ta zagayo. In filin mai takardar gwamna ne, sashe na 22 na dokar 1978 ya ce sai da amincewar gwamna, don haka a je KADGIS a sauya suna. Haka ma uban da ya ce "na ba yara gidan nan" yana zaune a ciki. Ba ta cika ba, sai in ƙaramin ɓangare ya riƙe, ya sa haya a mafi yawa da sunan yaran.

Daga cikin birni, wajen Ƙofar Doka: Na rabu da uwar 'ya'yana huɗu, ta gama idda, ta ce ba za ta bar sashena ba tunda gidan 'ya'yanta ne. Gidan na gado ne, ba a raba ba, yayyena suna matsa mini.

Malam, 'ya'ya ba su da gado a gidan uba yana raye, don haka hujjarta ba ta tsaya ba. Kai ma sashen bai zama naka kai kaɗai ba. Kaso gare ka a cikin gidan gaba ɗaya har ranar da za a raba, ginin da ka ƙara da kuɗinka ne kawai za a lissafa maka.

Amma kada ka ɗauka magana ta ƙare a nan. Riƙon yara bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani aure, riƙo ya koma ga kakarsu ta wajen uwa, sannan innarsu, wato 'yar'uwar uwarsu, ba kai tsaye wurinka ba. Ciyar da su, suturarsu da wurin kwanansu duk suna kanka, alƙali ne ke ƙiyastawa gwargwadon samunka da tsadar gari. Ranar da ka fitar da ita, ranar ce za ka fara biyan hayar inda yaranka huɗu za su kwana.

Ka auna da kyau. In sashen yana da ƙofar kansa, kai kuma kana da wani wurin, barin yara a inda suka saba, kusa da makarantarsu da kakanninsu, ya fi musu. Ka zauna da yayyenka a rubuta cewa aro ne saboda yara, ba kyauta ba, zai ƙare in ta yi aure ko riƙo ya bar hannunta, mai unguwa ya sa hannu. In tsoronsu shi ne daɗewa zai sa ta mallake wurin, hauzin shekara goma, wato mallakar wuri saboda daɗewa da shi a hannu, tsakanin bare ne, ba ya aiki tsakanin dangi da surukai a irin wannan wa'adi, balle ga takarda.

Daga Sabon Gari: A gidan haya muke, kuɗin ya ƙare saura wata ɗaya in gama idda.

'Yar'uwa, cikon hayar yana kansa. In mai gidan ya ƙi karɓar haya irin wadda aka saba ya ce sai kin tashi, ki koma wani wurin a kuɗin mijin, ki ƙarasa idda a can. Gidan ma'aikata, irin kwatas na jami'a, yana bin wanda sunansa ke kan takardar rabon gida. In na mijin ne, ki gama idda a ciki. In naki ne, ko gidan mallakinki ne, shi zai fita.

Daga Hanwa: Na nemi hul'i. Ya ce sai na bar masa kayan ɗakina, na kuma bar gidan a ranar.

Abin fansa shi ne abin da kuka daidaita a kai ko alƙali ya yanke, galibi sadaki. Gado, katifa, kujeru da kwanukan da iyayenki suka yi miki jere naki ne, ba sa shiga sai kin yarda da bakinki. In an yi gardama kan wani kaya babu rasit, abin da aka san na mata ne a ba ki da rantsuwa, na maza ko wanda kowa ke amfani da shi, kamar firji da janareto, a ba shi da rantsuwa. Don haka ki nemo rasit ko wanda ya raka aka saya. Sharaɗin ki bar gida a ranar kuwa ɓatacce ne, saki ya auku, sharaɗi ya faɗi, domin zaman idda ba haƙƙin ku biyu kaɗai ba ne da za ku yafe. Ranar kwasar kaya a yi jerin komai a takarda biyu, wakilin kowane ɓangare ya sa hannu kafin mota ta tashi.

Daga Wusasa: Mu Kirista ne, a coci aka ɗaura mana aure. Gidan da sunan mijina yake. Me doka ta ce?

Baiwar Allah, fara duba takardar aurenku. In an bi ta rajista, aka ɗaura a cocin da ke da lasisi, aka ba ku satifiket na gwamnati, aurenku yana ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba shi. Sashe na 72 ya ba alƙali ikon tsara rabon kadara yadda ya ga adalci, don amfanin ma'auratan da 'ya'yansu, sashe na 70 kuma yana maganar kuɗin kulawa. Sunan da ke kan takardar gida ba shi ne ƙarshen magana ba, amma rabi da rabi ma ba dole ba ne. Za a dubi abin da kika zuba, shekarun aure da inda yara za su zauna. Ki tabbata lauyanki ya sa buƙatar gidan a cikin takardar ƙarar raba auren tun farko, kada a bari sai an yanke hukunci.

In kuwa auren al'ada aka yi, fasto ya sa albarka kawai, wannan doka ba ta hau kanku ba. Kotun gargajiya ce za ta raba auren, da'awar gidan kuma sai ki bi ta da rasit da shaidu, kamar yadda muka shimfiɗa wa malamar Samaru.